Wasiƙa Daga Edinbara: Dalilin Da Ya Sa Na Ce A Dakata Da Buga Littafin Baba Tsoho

Mu nan namu sanyin ba a magana, domin a wannan wata na Disamba tun kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta riga ta faɗi a Edinbara, sai mutum ya fito daga laburare ya tarar gari ya yi duhu kamar an idar da isha'i. Karatu kuma ana nan ana ta fama, sai dai a ci gaba da sa mu a addu'a.

Na san da yawanku kun ji haushina a makon jiya. Yaya ya kira ni har sau biyu yana cewa an tara kuɗi, an gama ciniki da mai maɗaba'a, an kuma riga an faɗa wa dangi cewa za a raba littafin a taron zumunci na ƙarshen shekara, sai ni da nake zaune a wata uwa duniya na ce a dakata saboda wai launi bai yi mini ba. Kawu kuwa saƙo ya aiko cewa boko ya fara yi mini yawa. Ban ga laifin kowa ba, domin a waya ban iya yin bayani yadda ya kamata ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta, kowa ya karanta a tsanake, sannan a yanke hukunci. Duk abin da aka yanke zan bi, amma ina roƙon a saurare ni tukuna.

Ga abokaina da ba su san zancen ba: kakanmu, wanda muke kira Baba Tsoho, Allah ya jiƙansa, marini ne a Kura, kuma a karofi ya ƙare rayuwarsa. Sana'arsa ita ce rinin turkuɗi, wannan yadi mai duhun shuɗi da ake bugawa a mabuga har ya riƙa sheƙi, wanda Buzaye ke saye su yi rawani da shi. Bayan rasuwarsa muka yi shawarar tattara hotunansa, da na marinar, da na abokan sana'arsa, mu buga ɗan littafi mai shafi 64 domin jikoki da tattaɓa-kunne. Wasu hotunan tsofaffi ne da aka ciro daga akwatin Inna, wasu kuma ni na ɗauke su da kyamarata a zuwana gida na ƙarshe kafin ya kwanta ciwo. Ni aka ɗora wa shirya shafukan a kwamfuta.

Da na gama, kafin in tura wa Yaya, sai na ce bari in kai shafi huɗu wani ƙaramin shagon bugu a nan unguwarmu in ga yadda za su fito a takarda. Wallahi da aka miƙo mini sai da gabana ya faɗi. Turkuɗin da Baba Tsoho ke riƙe da shi a hoton bango ya koma shunayya, irin launin leshin 'yan biki. Fuskarsa ta dunƙule ta zama baƙi ƙirin, babu tsagen kumatunsa, babu tamojin goshinsa, sai fararen idanu da furfura. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne hannuwansa. Duk wanda ya san shi ya san daga yatsu har gwiwar hannu shuɗi ne, rinin shekara da shekaru wanda sabulu bai taɓa fitarwa ba. A allon kwamfutata ana ganin iyakar da shuɗin ya tsaya fata ta ɗauka. A takardar kuwa hannu da fuska da riga duk sun zama abu guda. Ba laifin mai shagon ba ne, abin da na ba shi ya buga. Laifina ne, domin ban san cewa akwai wani aiki da ake yi wa hoto tsakanin allo da takarda ba.

Washegari na ɗauki takardun na je wurin wata dattijuwa da ke kula da ɗakin bugu a sashen zane-zane na jami'armu. Tana gani ta yi murmushi, ta ce ba ni ne farau ba. Abin da ta koya mini, da abin da na bi na karanta daga baya, shi zan taƙaita muku.

Allon waya da na kwamfuta da haske suke yin launi. Akwai ƙananan ɗigon haske iri uku, ja da kore da shuɗi, shi ya sa ake kiran tsarin RGB. Kowannensu yana da matakin ƙarfi 256, in aka haɗa kuwa ana samun launi sama da miliyan 16. Idan ukun suka haska gaba ɗaya sai a sami fari, idan suka mutu sai baƙi. Wani abin mamaki ga jikan marini irina shi ne, a duniyar haske ja da kore ne ke haifar da rawaya. Wani masanin kimiyya ɗan wannan gari na Edinbara, James Clerk Maxwell, shi ya nuna wa duniya wannan dabara da hoto a Landan a shekarar 1861, inda aka ɗauki hoton wani ƙyalle sau uku ta cikin ja da kore da shuɗi, sannan aka haska su a kan juna launin ƙyallen ya bayyana.

Takarda kuwa ba ta da hasken kanta, na rana ko na fitila take arowa ta mayar wa ido. Tawada aikinta ta tare wani ɓangare na wannan haske. Saboda haka injin bugu da wasu launuka daban yake aiki: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Shi ne CMYK. An ƙara baƙi ne domin in ka zuba ukun farko a wuri guda ba sa ba ka baƙi na sosai, sai wani launi kamar taɓo. A babbar maɗaba'a kowane launi da farantinsa, takarda ta bi ta ƙarƙashin huɗun ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ke da kalanda a ɗaki ya matsa kusa ya ƙura mata ido, ko ya ɗauki hotonta da waya ya buɗa shi sosai, zai ga ashe ƙananan ɗige-ɗige ne na waɗannan launuka huɗu, ido ne ke haɗa su daga nesa.

To a nan gizo ke saƙar. Launukan da haske ke iya nunawa sun fi waɗanda tawada huɗu ke iya fitarwa yawa, musamman shuɗi mai ƙarfi da kore mai ɗaukar ido da ruwan goro. Kamar a ce ka juye ruwan tulu ne a buta, dole wani ya zube. Saboda haka duk hoton da zai shiga littafi sai an juya launinsa daga RGB zuwa CMYK, kuma a wurin juyawar sai an zaɓi abin da za a sadaukar. Akwai manyan hanyoyi biyu da manhajoji irin su Photoshop ke bi. Ta farko kamar motar haya ce da kwandasta ya ce kowa ya ɗan matsa: duk launuka su ɗan sauya domin kowa ya sami wuri, tazarar da ke tsakaninsu ta rage amma ba ta ɓace ba. Ta biyu kuwa wanda ya sami kujera ya zauna daram, waɗanda suka rasa a cusa su gaba ɗaya a bakin ƙofa, su danne juna har ka kasa bambance su. Kowace hanya da hoton da ta dace da shi. In ba ka zaɓa ba, inji zai zaɓar maka, kuma haka ta faru da ni.

Shuɗi shi ne ya fi kowa shan wuya. Injin bugu da shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda yake haɗa shi, kuma idan aka bar manhaja ta yi lissafinta, sau da yawa takan kai jan kusa da shuɗin, sai abu ya karkata ya koma shunayya. Dattijuwar ta ce tsofaffin ma'aikatan bugu suna da ƙa'idar da suke bi da ka: a bar jan ƙasa da shuɗin da kamar maki 30, duhun da ake so kuma a nemo shi daga baƙi. Da ta gyara hoton bangon a gabana da wannan ƙa'ida, sai na ga turkuɗi ya fara dawowa hayyacinsa.

Sai batun fuska. Ɗigon tawada idan ya sauka a takarda yakan ɗan bazu, kamar yadda tawadar allo ke yi a takarda mai sha, saboda haka hoto yakan fito da duhu fiye da yadda yake a allo. Takarda marar sheƙi ta fi yin haka. Sannan akwai iyakar tawadar da takarda ke iya ɗauka: idan aka zuba huɗun a cike ya zama kashi 400 ke nan, alhali takarda mai sheƙi kusan kashi 300 take ɗauka, ta jarida kuma wajen 240. Wuce haka sai ta jiƙe, ta ƙi bushewa, ta ɓata shafin da ke kallonta. Mai farar fata wannan bai cika damunsa ba, domin fuskarsa tana ɓangaren haske na hoton, inda tawada ba ta da yawa. Mu kuwa duk kyan fuskarmu, da tsage, da tamoji, da bambancin baƙi da wankan tarwaɗa, suna zaune ne a ɓangaren duhu, daidai inda tawada ke cunkushewa. In ba a buɗe wannan ɓangare da hannu ba kafin a buga, to sai dai a ga idanu da haƙora.

Wannan ma tsohon zance ne a harkar hoto. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yakan raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton wata Baturiya, wanda aka fi sani da katin Shirley, da shi suke daidaita injinsu. In fuskarta ta fito daidai, an ɗauka komai ya yi daidai ke nan. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta yi bincike a kai ta wallafa a 2009, ta nuna cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara yadda fim ke ɗaukar launin ruwan ƙasa har da ƙorafin masu sayar da kujerun katako da masu cakulan, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a hotunan talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da kati mai mata masu launin fata daban-daban. Ban kawo wannan don in tayar da tsohon miki ba. Na kawo shi ne don a gane cewa abin da inji ke ɗauka a matsayin daidai, wani ne ya zauna ya saita shi, kuma lokacin da yake saitawar ba fuskar Baba Tsoho ce a gabansa ba.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: juya launin hoto hukunci ne, kuma bai kamata a bar wa inji ko wanda bai san abin da ke cikin hoton ba ya yanke shi shi kaɗai. Ita kanta dattijuwar, da duk gwanintarta, da ta gama gyara ta juyo ta tambaye ni, wannan ne shuɗin ko a ƙara? Ta san lissafin tawada amma ba ta taɓa riƙe turkuɗi ba. Ni na taɓa riƙewa, amma na yi shekaru rabona da gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda za ta kalli takarda ta ce wannan rinin gidanmu ne ko ba shi ba ne, Inna ce, da sauran dattawan da suka rage a karofi.

Yanzu bari in amsa abubuwan da kuka faɗa, domin suna da nauyi.

Yaya ya ce mutum nawa ne za su lura? Gaskiya ne, jikokin da aka haifa a birni ba za su lura ba. Amma ai dalilin yin littafin ke nan. Su ne ba su san launin ba, kuma abin da suka gani a littafin shi za su ɗauka har su nuna wa 'ya'yansu. Da littafin biki ne, ko na siyasa da za a yar bayan wata guda, da ban ce uffan ba. Wannan kuwa littafin mutumin da ya yi shekaru sama da hamsin yana bambance shuɗi da shuɗi ne. Kuna tuna yadda yakan mayar da yadi cikin rijiyar rini sau da yawa, ya ciro ya shanya ya kalla ya girgiza kai ya sake tsomawa, mai kaya na tsaye yana cewa ai ya yi, shi kuma ya ce bai yi ba? A ce a littafinsa ne za a buga rininsa da launin da shi da kansa ba zai bari ya fita daga marinarsa ba, ni dai raina bai ba ni ba.

Kawu ya ce na raina masu bugun gida ne. Ko kusa. A Kano ne nake so a buga, domin ya fi sauƙin kuɗi, kuma a can ne masu ganin launin suke. Gwajin da ya lalace ma ai a nan Turai aka yi shi. Abin da ake bukata tambaya ce kawai. Tun 1993 kamfanonin wannan harka suka kafa wata ƙungiya da ake kira ICC, wadda ta fito da tsarin wani ɗan fayil da ke bayyana halin kowane allo ko inji da takarda, domin su riƙa fahimtar juna. Yawancin hotunan waya da na intanet suna kan wanda ake kira sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996. A ɓangaren bugu kuwa Turai sun fi amfani da ma'aunan wata cibiya ta Jamus mai suna Fogra, irin su FOGRA39 da FOGRA51, Amurka kuma suna da SWOP da GRACoL. Sai a tambayi mai maɗaba'a wanne yake bi, kuma wace takarda zai sa. In ya ce shi da ido da gogewa yake aiki, babu laifi, akwai gwanaye da yawa a haka, sai dai a nan gwaji ya ƙara zama dole.

Akwai kuma wanda ya ce ai ko me aka yi takarda ba za ta nuna sheƙin turkuɗi ba. Wannan gaskiya ce tsagwaronta, na kuma yarda. Sheƙin nan da ke sauyawa idan ka motsa yadin a rana, babu tawadar da za ta kawo shi. Ana iya ƙara tawada ta biyar ta musamman, irin na kamfanin Pantone, amma kuɗin zai haura abin da muka tara, kuma ko ita ba za ta kai ba. Asara dai dole ce. Abin da nake cewa shi ne mu zaɓi wadda za mu iya ɗauka: a rasa sheƙi, amma shuɗi ya tsaya shuɗi, hannu kuma ya bambanta da fuska.

Sai batun kuɗi da lokaci. E, gwaji zai ci wani abu, kuma ba za mu kai ga taron ƙarshen shekara ba. Kuɗin gwajin ni zan biya daga ɗan abin da nake samu a aikin koyarwa na wucin gadi, kada a taɓa na asusu. Lokaci kuwa ina ba da shawarar a ɗage rabon zuwa Sallah. Sauri ya haifi nawa. In aka buga kwafi 300 suka fito ba daidai ba, babu wanda zai sake tara kuɗi a karo na biyu, haka za mu zauna da su.

Ga abin da nake roƙo a taimaka da shi. Na farko, waɗanda suka turo mini hotuna ta WhatsApp su sake turowa a matsayin fayil, domin in aka tura ta hanyar da aka saba manhajar takan matse hoton ta rage masa inganci. Hoton da zai cika shafin A4 yana bukatar ɗigo kusan 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, wato 300 a kowane inci. Na biyu, tsofaffin hotunan akwatin Inna a kai su a yi musu sikanin da kyau, kada a ɗauke su da waya a kan tabarma. Da yawansu sun yi ja-ja-ja saboda daɗewa, domin shuɗin cikinsu ne ya fara gudu. Ƙanwata ta zauna da Inna ta tambaye ta launin kowace riga da kowane zane kamar yadda take tunawa, ta rubuta mini, da shi zan yi gyara. Na uku, Yaya ya nemi mai maɗaba'a ya buga mana shafi huɗu na gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita: bango, da hoton hannuwa, da na rijiyoyin rini, da hoton dangi na rukuni.

Na huɗu shi ne mafi muhimmanci. Idan gwajin ya fito a kai shi Kura. Masu bugu a nan suna da wata fitila ta musamman mai kwaikwayon hasken rana, mai ma'aunin Kelvin 5000, a ƙarƙashinta suke duba launi, domin ƙwan lantarki na ɗaki yana yaudarar ido. Ni a nan sai na nemi wannan fitila, tunda rana ta yi mana rowa. Ku kuwa Allah ya hore muku ita kyauta. A fito da takardun da hantsi, a zauna a inuwa, a ɗauko ragowar turkuɗin da Inna ta adana a ajiye kusa da su. A bar ta ta kalla, a kira dattawan karofi su ma su kalla. In sun ce ya yi, a buga ko ban gani ba. In sun ce ja ya yi yawa ko duhu ya yi yawa, a faɗa mini da kalmominsu, ni zan san yadda zan mayar da su lissafi. Yaya kuma in da hali ya tsaya a maɗaba'ar ranar bugu, ya ga takardun farko da suka fito ya gwada su da wanda Inna ta amince da shi, domin zuwa da kai ya fi aike.

Kawu, a yi mini afuwa idan na yi tsauri a waya, ba raini ba ne. Yaya, na san kai ne ka sha wahalar bin mutane ana tara kuɗin nan, kuma kai za a riƙa tambaya a wurin taro, Allah ya saka da alheri. In an tambaye ka ka ce ni ne na riƙe, a bar ni da su. A gaida Inna da kyau, a ce mata ina nan ina shan maganin sanyin da ta haɗo ni da shi. A gaida yara duka.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho da sauran magabatanmu, ya bar mu da zumunci. Sai na ji daga gare ku.

Naku a kullum,
daga Edinbara.